Bayan Zuciya Ta Tsaya: Tarihin Yadda Likitoci Suka Koyi Karanta Mintunan Farko

 

Akwai wata fitowa da duk mai kallon finafinai ya haddace. Majinyaci na kwance a gadon asibiti, na'urar da ke gefensa ta saki ƙara mai tsawo, layin da ke hawa da sauka a fuskarta ya miƙe ɗoɗar. Likita ya sheƙo a guje, ya ɗauko wasu ƙarafa biyu masu kama da dutsen guga ya kafa masa a ƙirji, jiki ya zabura, sai ga layi ya dawo yana rawa, dangi suna hamdala. Daga finafinai wannan hoto ya tsallako cikin littattafai, har da na Hausa da ake yaɗawa a WhatsApp da Wattpad. To amma a asibitin gaske ba a yi wa miƙaƙƙen layi shokin, don ba ya tsinana masa komai. Dalilin haka yana cikin wani tarihi da ya haura shekara 170, wanda ya koya wa likitoci cewa wutar da ke cikin zuciya ba ta ɗaukewa a lokaci guda. Dusashewa take yi mataki-mataki, kuma abin da zai ceci mutum a minti na biyu ba lallai ya yi aiki a minti na goma sha biyu ba. Wannan tarihin za mu bi yau.

Kafin nan mu warware wata kalma. A bakinmu kusan komai "bugun zuciya" ne, alhali abu biyu ne daban. Na farko shi ne jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini ta toshe. Mai shi yakan kasance a farke, yana kukan ciwon ƙirji da gumi. Na biyu shi ne tsayawar zuciya, wato ta daina tura jini kwata-kwata. Mai shi yakan yanke jiki ya faɗi cikin 'yan sakanni, ba ya amsa kira. Na farkon yakan jawo na biyun, amma a kan na biyun muke magana.

MAKAƊIN GAYYA

Zuciya tana samar da wutar lantarkinta da kanta. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan dunƙule da ke sakin wuta sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum na hutawa. Arthur Keith da Martin Flack ne suka gano shi a Ingila a 1907, shekara ɗaya bayan wani Bajapane, Sunao Tawara, ya bayyana mahaɗar da wutar ke bi ta sauka zuwa ɗakunan ƙasa guda biyu, waɗanda su ne ke harba jini zuwa huhu da sauran jiki. Mu ɗauki wannan dunƙule a matsayin makaɗin gayya. Muddin kowa na bin gangarsa, fartanya dubu tana sauka kamar ɗaya, aiki yana tafiya. Ranar da kowane manomi ya kama nasa kiɗan, sai ƙura ta tashi, kowa na gumi, amma kuyya ba ta gaba.

Wannan rikicewa ita ce likitoci ke kira da wani suna da za mu fassara da karkarwar zuciya. Ɗakunan ƙasa suna ta motsi, wuta na kai-komo a cikinsu ba tsari, amma ko ɗigon jini ba sa turawa.

Cikin waɗanda suka fara rubuta ganin wannan abu akwai Moritz Hoffa da malaminsa Carl Ludwig a 1850. Sun sa wa zuciyar dabba wutar lantarki, sai suka ga ta bar bugu ta koma karkarwa, kuma ko an cire wutar ba ta dawowa. Shekaru da dama ana ɗaukar abin a matsayin wani abin mamaki na ɗakin gwaji kawai. Sai a 1889 John MacWilliam na jami'ar Aberdeen a Sukotland ya rubuta cewa mutanen da ke faɗuwa matattu nan take, da yawansu zuciyarsu ba cik ta tsaya ba, karkarwa ta shiga. Ya faɗi haka ne daga abin da ya gani a dabbobi, tun ba a samu na'urar da za ta nuna hakan a jikin mutum ba.

Na'urar tana tafe. A 1887 Augustus Waller ya ɗauki zanen wutar zuciyar ɗan Adam na farko a asibitin St Mary's da ke Landan, ko da yake zanen bai fita sosai ba. Wanda ya gyara aikin shi ne Willem Einthoven na birnin Leiden a ƙasar Holan. A farkon shekarun 1900 ya ƙera na'ura mai wani siririn zare da aka shafe da azurfa, wanda ke motsi da ɗan ƙanƙanin lantarkin da ke fitowa daga jiki. Nauyinta ya kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majinyaci kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitan ruwan gishiri. Shi ne ya raɗa wa tudu da kwarin zanen haruffan P, Q, R, S da T da ake amfani da su har gobe, ya kuma karɓi lambar yabo ta Nobel a 1924. Wannan ita ce kakar na'urar da muke ji ana kira isiji a asibitocinmu.

Ana cikin haka, a 1899, wasu masana biyu a birnin Janeba na Suwizalan, Jean-Louis Prévost da Frédéric Batelli, suka lura da wani abu a jikin karnuka: wuta kaɗan tana jefa zuciya cikin karkarwa, wuta mai ƙarfi kuma tana tsayar da karkarwar. A nan sirrin shokin yake, kuma a nan finafinai suka juya zance. Shokin ba tayar da zuciya yake yi kamar an tura mota ba. Tsawa ce ake daka wa 'yan gayya duka su yi tsit a lokaci ɗaya, don makaɗi ya samu sararin sake ɗaukar kiɗa. Idan makaɗin da manoman duk sun zube don gajiya, babu wanda tsawar za ta yi wa amfani. Miƙaƙƙen layi ke nan.

MUTUMIN DA YA ƊAUKI FIM ƊIN KARKARWA

Wanda ya fara tsayawa ya bi abin da agogo shi ne Carl Wiggers na birnin Cleveland a Amurka. A 1930 ya wallafa bincikensa, inda ya haɗa kyamarar ɗaukar fim da na'urar zane, ya bi zuciyar kare tun daga shigarta karkarwa har ta yi shiru. Ya raba abin da ya gani gida huɗu. Da farko, na sakan ɗaya ko biyu, wasu manyan igiyoyi ne ke bi ta kan zuciyar da sauri. Daga nan, na sakan 15 zuwa 40, sai ta shiga fizge-fizge masu ƙarfi, kowane sashe na yin nasa. Sai mataki na uku, na minti biyu zuwa uku, inda motsin ke farfashewa ya koma ƙananan makyarkyata masu yawa. A mataki na huɗu ƙarfi ya ƙare, motsin ya yi sanyi ya yi rauni, wasu sassan suna yin tsit ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari babu komai.

A kan takarda ma haka abin yake fita. Karkarwar farko tana zana manyan tudu masu tsayi, kusa da juna. Da tafiya ta yi tafiya sai tudun su gajarce, saurinsu ya ragu, har su koma kamar ɗan zaren da iska ke kaɗawa, daga nan layi ya miƙe.

Me ke jawo haka? Kowace ƙwayar naman zuciya kamar ƙaramin batir take. Bayan kowane bugu sai ta sake caji, ta hanyar tura sinadarin sodiyam waje da jawo fotasiyam ciki. Wannan aiki yana cin makamashi, makamashin kuma daga iskar oksijin da jini ke kawowa yake samuwa. Zuciya mai karkarwa ba hutawa take ba, ƙona ajiyarta take yi da sauri, ga shi kuma jinin da zai ciyar da ita ya tsaya. Idan ajiya ta yi ƙasa, sai fotasiyam ya riƙa tsiyaya waje, tsami ya taru a cikin naman, cajin kowace ƙwaya ya ragu, wuta ta riƙa tafiya da ƙyar daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Gajartar tudun da ake gani a takarda hoton ƙarewar wannan ajiya ce.

DAGA KARE ZUWA MUTUM

Abin da ya tura binciken gaba a Amurka har da asarar ma'aikata. Kamfanonin wutar lantarki suna rasa masu hawa turaku, wuta ta ja mutum ya faɗo ba rai, don haka suka zuba kuɗi a bincike. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai injiniya William Kouwenhoven na jami'ar Johns Hopkins, wanda shi da abokan aikinsa suka tabbatar a 1933 cewa shokin na biyu yana iya dawo da zuciyar kare da na farko ya rikita. A Mosko kuma, Naum Gurvich ya nuna a 1939 cewa wuta da aka tara aka sake ta a bugu ɗaya tak ta fi dacewa da wannan aiki, kuma wannan hanya ce duniya ta komo kanta daga baya.

A 1947 aka yi nasarar farko a jikin mutum. Likitan fiɗa Claude Beck, shi ma a Cleveland, yana gama yi wa wani yaro ɗan shekara 14 aiki a ƙirji sai zuciyar yaron ta tsaya. Beck ya sake buɗe ƙirjin, ya riƙa matsa zuciyar da hannunsa har kimanin minti 45, aka kawo na'ura, aka ɗora ƙarafan a kan zuciyar kai tsaye, aka ba ta wuta, ta dawo, yaron ya warke. Mu lura da wannan minti 45 ɗin. A lissafin Wiggers, zuciyar da aka bari haka nan cikin mintuna kaɗan ƙarfinta ke ƙarewa. Hannun Beck ne ya riƙa tura mata jini, ya hana wutarta mutuwa har na'ura ta iso.

Sauran matakan sun biyo baya da sauri. A 1956 Paul Zoll na Boston ya yi shokin ta kan fata ba tare da an tsaga ƙirji ba. Sannan wani matashi a ɗakin gwajin Kouwenhoven, Guy Knickerbocker, ya lura cewa idan ya danna ƙarafan masu nauyi a ƙirjin kare, ma'aunin jini yana ɗagawa. Daga wannan lura aka samu danna ƙirji. A 1960 Kouwenhoven da Knickerbocker da likita James Jude suka wallafa sakamakon majinyata 20 da aka yi wa hakan, 14 suka rayu. Abin da Beck ya yi da wuƙa da buɗaɗɗen ƙirji, yanzu kowa na iya yin kwatankwacinsa da tafin hannu biyu.

Saura kai na'ura inda mutum ya faɗi. Frank Pantridge na birnin Belfast a Ireland ta Arewa ya lura cewa yawancin masu mutuwa ba sa kaiwa asibiti. A 1965 ya haɗa na'urar shokin mai aiki da batiran mota, mai nauyin kilo 70, a 1966 kuma ta fara fita cikin motar asibiti.

ABIN DA AGOGO YA NUNA

Da motocin asibiti suka fara ɗaukar zane a gidajen mutane, sai aka samu damar gwada maganar Wiggers a kan ɗan Adam. A birnin Seattle na Amurka, Douglas Weaver da Leonard Cobb da abokan aikinsu suka wallafa bincike a 1985 a kan tsayin tudun karkarwa. Waɗanda aka tarar tudunsu da sauran tsayi, kashi 36 cikin 100 sun rayu. Waɗanda tudunsu ya riga ya lafa, kashi 6 kacal.

A 1989 likitan zuciya ɗan ƙasar Sifen, Antoni Bayés de Luna, da abokansa suka tattara zanen mutum 157 da ajali ya riske su kwatsam suna sanye da ƙaramar na'urar da ke naɗar bugun zuciya dare da rana. Sama da kashi 80 cikin 100 da gudun zuciya mai tsanani ko karkarwa abin ya fara musu. Amma ma'aikatan ceto da ke isowa bayan mintuna sukan tarar da miƙaƙƙen layi a wurin mutane da yawa. Ke nan a lokuta da dama layin nan ƙarshen labari ne, an riga an wuce babin da shokin ke aiki.

Hujja mafi fitowa fili ta zo daga inda ba a zata ba, wato gidajen caca na Amurka, musamman na Las Vegas. An koya wa masu gadi amfani da na'urar shokin, ga kuma kyamarori ko'ina da ke nuna sakan ɗin da mutum ya faɗi. Sakamakon da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa shokin cikin minti uku, kashi 74 cikin 100 sun rayu. Waɗanda aka wuce minti uku, kashi 49. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

A 2002 Myron Weisfeldt da Lance Becker suka tattara wannan ilimi cikin tsari mai zango uku. Minti huɗun farko zangon lantarki ne: zuciya da sauran ƙarfinta, shokin kawai take jira. Daga minti huɗu zuwa goma zangon jini ne: ta galabaita, tana bukatar a tura mata jini ta hanyar danna ƙirji, in ba haka ba shokin yana iya kashe karkarwar ya bar miƙaƙƙen layi. Bayan minti goma kuma ɓarnar ta shiga sinadaran jiki duka, har dawowar jinin kanta tana iya ƙara rauni, damar tsira ta yi ƙasa ƙwarai. Waɗannan iyakoki ba a kan dutse aka sassaƙa su ba, danna ƙirji da wuri yana jinkirta su, sanyi ma haka. A 1999 wata likita 'yar Suwidin, Anna Bågenholm, ta maƙale a ƙarƙashin ƙanƙara a Norway na minti 80, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, amma aka ɗumama jininta da na'ura a asibitin Tromsø ta farfaɗo. Tsananin sanyi ya rage wa ƙwayoyin jikinta cin makamashi.

Ba kowace tsayawa ce ke farawa da karkarwa ba. Wanda ya nutse a ruwa, ko ya shaƙe, ko jini ya zuba masa da yawa, da kuma yawancin ƙananan yara, zuciyarsu takan riƙa rage gudu ne don rashin iska ko jini. Wani lokaci na'ura na nuna zane mai tsari amma babu bugu a jijiya: makaɗi na kiɗa, ba mai ɗaga fartanya. A nan ma shokin ba shi da aiki. Abin yi shi ne danna ƙirji, ba da iska, allurar adirinalin, da gyara abin da ya haddasa matsalar. Wani bincike da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman a Kanada da Holan da Jamhuriyar Cek, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa wutar zuciya takan ci gaba da bayyana a na'ura na mintuna bayan bugun ƙarshe. A kashi 14 cikin 100 na waɗanda aka duba zanensu, bugun ya ɗan dawo da kansa sannan ya sake tsayawa, kuma mafi tsawon shirun da aka gani kafin irin wannan dawowa shi ne minti 4 da sakan 20.

Masu kallon ƙwallo sun ga wannan darasi da idonsu. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana wasa da Angola, bai tashi ba. Ranar 17 ga Maris 2012 Fabrice Muamba na ƙungiyar Bolton ya faɗi a filin Tottenham. Minti 78 zuciyarsa ba ta aiki da kanta, aka yi masa shokin sau 15, ana danna ƙirjinsa tun daga fili har asibiti, ya rayu. Ranar 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kofanhagan, aka hau danna ƙirji nan take, shokin ɗaya ya dawo da shi.

INA RUWAN MARUBUCI?

Ruwanmu a ciki shi ne mutane da yawa daga labari suke koyon abin da za su yi ranar tashin hankali. A 1996 wasu likitoci a Amurka sun bi shirye-shiryen talbijin guda uku masu nuna aikin ceto, suka tarar kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa taimakon farfaɗowa a shirin suna dawowa, adadin da ya zarce na zahiri nesa ba kusa ba. Mai kallo ya tashi da zaton abin mai sauƙi ne, kuma aikin na'ura ne da likita kaɗai.

A garuruwanmu na'urar shokin ba ta cika samuwa kusa ba, motar asibiti kuma ba ta zuwa cikin minti huɗu. Abin da ke kusa shi ne hannun wanda ke tsaye a wurin. Ajali na Allah ne, babu mai ja, amma neman magani ma umarni ne. Idan jarumin labarinmu ya faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi ko kuma yana wani jan numfashi jefi-jefi mai kama da gargara, wannan jan numfashin alamar tsayawar zuciya ce, kada a ɗauka sauƙi ne ya samu. Maimakon a rubuta dangi sun kewaye shi da kuka da yayyafa ruwa har minti goma su wuce, mu sa wani ya aika a nemo mota da ma'aikacin lafiya, wani ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ya ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kan ɗaya, ya riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, in ya gaji wani ya karɓa. Wannan dannawa ba ta kai bugun zuciyar gaske ba, kusan rubu'i zuwa sulusin jinin take turawa, amma shi ke riƙe ƙwaƙwalwa, wadda ke fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, ya kuma hana tudun nan lafawa da wuri.

Idan kuma labarin ya kai asibiti, mu bar layi ya faɗi gaskiya. Yana karkarwa, likita ya yi shokin. Ya miƙe, a ci gaba da danna ƙirji da allura, kuma marubuci ya san cewa daga nan kaɗan ne ke dawowa. Wanda ya dawo ma ba ya tashi zaune ya nemi matarsa. Yakan kwana a sume a ɗakin kulawa ta musamman, wani da karyayyen haƙarƙari. Duk wanda ya samu damar koyon danna ƙirji a hannun ma'aikatan lafiya ko masu ba da agajin gaggawa, ya je ya koya, don karatu ba ya maye gurbin gwaji da hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.